Tallar Labarin da Kasuwa Ba Ta Tambaya Ba

A kasuwar labarin Hausa, soyayya ba ta neman dillali. Tun daga 1991 da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna har zuwa labaran da ake turawa yau a WhatsApp, marubuciya ta sa saurayi da budurwa da uwar miji a shafin farko, masu karatu da kansu za su nemo ta. Wanda aiki ya samu shi ne mai labarin da ba ya kan wannan layi: labarin mahaƙan zinariya, ko rikicin gado, ko tarihin wata masarauta, ko rayuwar malamin asibitin ƙauye. Idan kuma da zane ya yi labarin, hoto na bin hoto, maganar mutane a cikin 'yan da'irori, yana sakin sa kashi-kashi a intanet, to wahalarsa ta zama biyu. Jigon ba a tambaye shi ba, siffar kuma ba a saba da ita ba. Duk da haka akwai mutanen da suka iya shigar da irin wannan haja hannun jama'a, kuma a wurina gwanintarsu ba ta gaza ta zanen kansa ba.

Zanen barkwanci irin wanda Mustapha Bulama yake yi a jaridar Daily Trust shi ke tallar kansa. Hoto ɗaya ne. Ka gani, ka gane wanda ake zolaya, ka yi dariya, ka tura wa abokinka, shi kuma ba ya bukatar ya ga zanen jiya kafin ya fahimci na yau. Dogon labari ba haka yake ba. Shafin da ya sa tsohon mai karatu hawaye, ga baƙo hoton wasu mutum biyu ne kawai suna kallon juna a bakin rijiya. Manyan dandalolin ma ba sa taimakon mai irin wannan aiki. Webtoon, wanda kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya buɗe a 2004 ya kuma fito da shi ga sauran duniya a 2014, kowa na iya ɗora zanensa a kai kyauta, amma abin da ya cika fuskarsa soyayya ce da labaran sihiri. Na'urar da ke zaɓar wa mai karatu abin da zai gani tana duba abin da aka fi latsawa ne, ta ƙara turo irinsa. Wanda ya zana labarin manomin gero ya ɗora ya koma gefe yana jiran sa'a, zai daɗe yana jira.

Wata mai zane 'yar ƙasar Finlan, Minna Sundberg, ta nuna hanya guda ta fita daga wannan rami. A ƙarshen 2013 ta fara wani dogon labari mai suna Stand Still, Stay Silent, a kan ƙasashen arewacin Turai shekara 90 bayan wata annoba ta share mafi yawan mutanen duniya. Labarin ba ya sauri, mutanensa ma ba sa jin harshen juna sosai. Domin ta bayyana wa masu karatu dalilin da ɗan Finlan ba ya gane maganar ɗan Suwidin, sai ta zana wata babbar bishiya a shafi guda: kowane reshe dangin harsuna ne, yawan ganyen kowane harshe gwargwadon yawan masu magana da shi. Wannan shafi ya fita daga cikin labarin ya kama gabansa. Malaman harshe suka riƙa yaɗa shi, jaridar Guardian ta Ingila ta buga shi a 2015, mutanen da ba su taɓa buɗe labarin zane ba suka riƙa tambayar daga ina ya fito. Ba ta yi musu ƙarya ba, don shafin na labarin ne, kuma wanda bishiyar ta burge shi, irin mutumin da labarin zai yi wa daɗi ne.

Mai zane a Anka yana zaune a kan irin wannan shafi ko bai sani ba. A ce labarinsa a kan wani dogari ne a zamanin da sarautar Zamfara take ƙaura. Ya zauna ya zana taswira mai kyau, daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara wanda Gobirawa suka ci a zamanin Sarki Babari cikin shekarun 1760, daga nan zuwa Kiyawa, har sarautar ta zo ta zauna a Anka. Irin wannan hoto ba ya kwana a waya ɗaya. Zai shiga zaurukan WhatsApp na 'yan gari, na tsofaffin ɗalibai, na masu sarauta, kuma za a yi musu a kansa, wani ya ce an tsallake garinsu, wani ya ce an karkata hanya. Musun nan ba asara ba ne. Gwani kuma ya san sunan labarin da lambar wayarsa a cikin hoton ake rubuta su, a wurin da ba za a yanke ba sai an ɓata zanen, saboda rubutun da aka lika a ƙasan hoto yakan faɗi a hanya tun kafin turawa ta uku.

Amma inda na fi jinjina wa masu wannan sana'a shi ne sanin wurin yanka, kuma a nan malaman kowa su ne matan da ke rubuta littattafan Hausa a waya. Tsarinsu sananne ne. Marubuciya ta saki shafukan kyauta a zauruka, kullum ko bayan kwana biyu, har labari ya kama mutane. Sai rana ɗaya ta sanar cewa na kyauta ya ƙare, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta asusun banki ko katin waya, ya aiko da hoton shaidar biya, a sa shi a zauren waɗanda suka biya. A kan shafin sau da yawa za ka ga gargaɗi, har da Allah ya isa, ga duk wadda ta fitar da shi waje. Daga nesa abin kamar ba wuya. Wuyar tana wurin zaɓen shafin da za a tsaya. Mai tsire ya san yankan da zai miƙa maka ɗanɗano: ba ya ba ka jijiya, ba ya kuma ba ka abin da zai kashe maka kwaɗayi. Marubuciyar da ta yanke da wuri, mai karatu bai riga ya damu da kowa a labarin ba, zai ɗaga kafaɗa ya koma wani. Wadda ta makara kuwa ta riga ta ba da amsar da za a biya kuɗi a ji.

Mai labarin soyayya tana da wuraren yanka da kowa ya sani: daren ɗaurin aure, ranar da asiri ya tonu, sa'ar da tsohon saurayi ya dawo. Mai labarin mahaƙa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, shi zai gina nasa. Abin da gwanaye suke yi shi ne su jinkirta jigon su gabatar da mutum. Ba wanda zai biya naira 500 don ya karanta illar gubar dalma. Amma idan kashi biyar na farko sun sa ka san wata mata da ke niƙa dutsen zinariya a tsakar gidanta, ka san dariyarta, ka san bashin da take son biya, ka san ɗan autanta da yake rarrafe a cikin ƙurar, sannan a hoton ƙarshe na kashi na shida yaron ya ƙi tashi daga barci, to ba jigo kake saye ba kuma, yaron kake son ka san halin da yake ciki. A zanen waya akwai wata dabara da takarda ba ta da ita. Tunda hotunan a jere suke daga sama zuwa ƙasa, babban yatsa ne ke jan su, mai zane yana iya barin dogon fili fari kafin hoton ƙarshe, mai karatu ya yi ta ja bai san abin da zai tarar ba. Tsawon wannan fili ma hukunci ne, kuma ana gane gwani a nan.

Akwai jarabar da ke zuwa wa kowa a daidai wannan gaɓa: a sa kyakkyawar yarinya da lalle a hoton talla, a ba labarin suna mai ƙamshin soyayya, ko da ba ita ce a ciki ba. Mutane za su shigo da yawa, ba shakka. Zuwa kashi na uku sun watse, wasu da zagi, waɗanda kuma aka rubuta labarin dominsu sun wuce ba su tsaya ba, don sun ɗauka irin wanda suka gaji da shi ne. Masu karatu 200 da suka san abin da suka zo nema sun fi 5,000 da aka yaudaro.

To ina ake samun waɗannan 200? Ba a wurin masu son zane ba, don a ƙasar Hausa ba su riga sun zama taro ba. A wurin masu son maganar ake samunsu. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga misalin wannan da idonsu, ko da yake ba a kan labarin zane ba ne. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. An share gubar daga wasu ƙauyukan, amma Bagega ta zauna tana jira, ƙungiyar likitoci ta MSF tana cewa ba amfanin ba yara magani su koma cikin ƙasar da ta sa musu cutar. Labari ne da ba wanda ke sha'awar ji. A 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money suka ɗauke shi suka ba shi sunan gari guda, suka haɗa shi da hotuna da adadin kuɗin da aka yi alkawari ba a saki ba, suka riƙa kai shi gaban 'yan jarida da 'yan majalisa da ƙungiyoyin kare haƙƙi a Twitter da Facebook. A farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin, kimanin dala miliyan 5, aka fara aikin share Bagega. Ba su yi wa duniya duka shela ba. Sun lissafa waɗanda maganar ta shafa ne, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai labarin zane a kan haƙar zinariya, jerin sunayensa kusan iri ɗaya ne: ma'aikatan lafiya, ɗaliban kwalejojin kiwon lafiya, malaman makaranta, 'yan asalin yankin da ke zaune a Gusau da Sakkwato da Abuja suna kewar gida. Kowane rukuni yana da zaurensa, kowane zaure yana da mai gudanarwa, kuma kalma ɗaya daga bakin mai gudanarwa ta fi saƙon da baƙo ya jefo sau goma. Shi ya sa gwani ba ya faɗawa zaure da talla. Yakan bi ta bayan fage ya gaida mai zauren, ya tura masa kashin farko, ya ce, "Malam, a duba mana, in akwai gyara a faɗa mana." Wanda aka nemi gyaransa ya riga ya zama mai hannu a aikin.

Roye Okupe, ɗan Legas da ke zaune a Amurka, da irin wannan lissafi ya fitar da Malika: Warrior Queen a 2017, labarin wata sarauniya mayaƙiya da ya ɗauko hasken ta daga Amina ta Zazzau. Ya nemi masu ƙishin ganin tarihin Afirka a zane, ya tara kuɗin bugu daga hannunsu ta dandalin Kickstarter, har a 2021 kamfanin Dark Horse ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa. Kickstarter ba ya karɓar aiki daga mazaunin Nijeriya, amma karɓar kuɗin littafi kafin a buga shi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san zauren waɗanda suka biya.

Dabara mafi tsufa a wannan fage kuwa ta Kano ce. A farkon shekarun 1990 marubutan ƙungiyar Raina Kama, cikinsu har da Ado Ahmad da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Cediyar 'Yan Gurasa, ba su da kamfanin ɗab'i mai yi musu talla. Sai suka mayar da kowane littafi allon tallar sauran: tambarin ƙungiya, hoton 'yan ƙungiya, da jerin littattafan da membobi suka fitar. Wanda ya sayi littafin da ya fi kasuwa ya tafi gida da sunayen waɗanda ba su kai shi ba. Mai labarin jarumta ya hau bayan mai labarin soyayya ba tare da ya canza labarinsa ba. Masu labarin zane a Turai da Amurka sun yi irin wannan ta wata hanya. Ryan North ɗan Kanada ya kafa Project Wonderful a 2006, inda masu zane ke gwanjon ɗan filin talla a shafukan juna da kuɗi kaɗan, har aka rufe shi a 2018 bayan masu karatu sun koma Facebook da makamantansa. Yau abin ya dawo hannu da hannu: ka sa nawa a ƙarshen kashinka, in sa naka a ƙarshen nawa. Gwanintar tana wurin zaɓen maƙwabci. Marubuciyar da masu karatunta suka saba da labarin kotu da gado ta fi amfani ga mai labarin tarihi a kan wadda ta ninka ta mabiya amma duk zancenta gidan attajiri ne.

Rana tsayayya ma talla ce. Kwana Casa'in da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019 labarin siyasa ne da cin hanci a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Alfawa, ba irin abin da 'yan kasuwar fim suke rantsuwa da shi ba, amma mutane sun san ranarsa da lokacinsa, suka gina hirar mako a kansa. Mai zanen da ya ce Juma'a bayan la'asar, to ya zama Juma'a bayan la'asar. Saboda haka masu hankali ba sa sakin kashi na ɗaya sai sun ajiye takwas ko goma a gama, don zazzaɓi da rashin wuta ba sa sallama.

Duk wannan sai an auna shi da wayar da ke hannun mai karatu a Gummi ko Nasarawar Burkullu. Data kuɗi ce, kuma ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Zanen da ya yi nauyi ba za a buɗe shi ba. Wanda aka cika wa ƙananan rubutu kuwa, WhatsApp zai matse shi har haruffan su dagule. Gwani yana gwada kowane shafi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi kafin ya saki, yana rage launi, yana ƙara girman harafi. Yana kuma tuna cewa da yawa daga masu son labari da kunne suke karatu, shi ya sa masu karanta littattafan Hausa a rediyo da YouTube suke da jama'a. Sai ya haɗa hotuna goma, ya sa murya a kai, ya fitar da bidiyon da bai kai minti ɗaya ba, daidai abin da za a ɗora a sitatus. A nan ne harshen gida yake yin aikin da kuɗi ba sa yi. Mutumin cikin zanen ya buɗe baki ya ce "mi kaka so" ko "wanga yaro", Bazamfare da ke Legas ya ji, ya tura wa 'yan uwansa kafin ma ya san labarin a kan mene ne.

Sannan ga mai cajin waya da mai tura fina-finai a bakin kasuwa, waɗanda wayoyin ƙauyuka da dama ke ratsa teburinsu ranar cin kasuwa. Wanda ya ba su kashi uku na farko su riƙa zuba wa mutane kyauta tare da fim, ya samu hanyar da ba ta cin data ko kaɗan. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a duk jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu ƙananan hukumomi suka yi fiye da wata biyu babu sabis, irin wannan hanya ce kaɗai ta rage, daga waya zuwa waya.

Maganar 'yan bindiga ta kawo wani hukuncin da mai talla a ƙasar Finlan ba ya yi. Labarin da ya taɓa daji da masu kai musu rahoto yana iya zama mafi kyawun abin da mai zane zai yi, amma hoton da aka zaɓa don talla yana zuwa inda labarin ba ya zuwa, ba tare da bayanin da ke gabansa da bayansa ba. Don haka ƙauyen ya zama na ƙirƙira, fuskokin kada su yi kama da na kowa, hoton tallar kuma ya zama na matar da ke ɗaure kaya, ba na mai bindiga ba. Haka nan a garin da wasu ke ɗari-ɗari da zanen mai rai, samun malami ko shugaban makaranta ya duba aikin tun da wuri yana buɗe ƙofofin gidajen da talla ba za ta buɗe ba.

Dandali kuma ba gidan gado ba ne. Okadabooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Mabiyan da mutum ya tara a irin wannan wuri na mai wurin ne. Shi ya sa za ka ga marubuciyar da ta goge tana da littafi na takarda, ko jeri a wayarta, na lambar duk wanda ya taɓa biyan ta ko naira 200 ce, da sunan labarin da ya saya. In za ta fara sabo, su take fara tura wa shafin farko, kwana ɗaya kafin kowa ya gani, ta ce su faɗa mata ko ya yi.